Rashid Khan, Yaron Gudun Hijira da Yatsunsa Suka Gagari Duniya

  Shirinmu na faɗakarwa a yau zai yi nisa da gida, zai kai mu ƙasar Afganistan, wajen wani matashi mai suna Rashid Khan. Sana'arsa wasan kurket, wasan da yawancin mutanen jihar Maraɗi ba su taɓa ganin an yi shi ido da ido ba, alhali a Indiya da Pakistan da Bangaladash ƴan kallonsa sun kai ɗaruruwan miliyoyi. Kada baƙuncin wasan ya sa kowa ya kashe rediyonsa. Labarin yaron na kusa da mu ƙwarai.

Sai an san wasan kafin a gane gwanintar mutumin. Ƙungiya biyu ce ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa da aka daddaɓe, tsawonsa mita 20 da ɗan ɗoriya, a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku waɗanda tsayinsu bai kai ƙugun babba ba. Mai duka yana tsayawa gaban turakun riƙe da faffaɗan katako. Mai jifa kuma ya taho daga ɗaya ƙarshen ya sako ƙwallo da miƙaƙƙen hannu, ta daki ƙasa ta taso ta nufi turakun. Ƙwallon fata ce mai tauri, nauyinta kamar giram 160, da ɗinki mai tudu da ya zagaye cikinta. In mai duka ya make ta ta gangara har iyakar fili, maki huɗu ke nan. In ta tsallake iyakar a sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki shida. Shi kuwa mai jifa burinsa ya kayar da mai duka: ko ƙwallon ta bugi turaku, ko a cafe ta kafin ta faɗi, ko ta sami ƙafar mai duka a daidai gaban turakun. Jifa shida shi ne zubi ɗaya. Akwai wasan kwana biyar, akwai na wuni ɗaya mai zubi 50, akwai kuma gajere mai zubi 20 da ake gamawa cikin awa uku ko fiye kaɗan.

Masu jifa iri biyu ne. Akwai ƴan ƙarfi, masu sheƙowa da gudu su sako ƙwallo tana tafiyar kilomita 140 ko 150 a awa. Akwai kuma masu murzawa, waɗanda takunsu kaɗan ne, jifarsu ba ta da saurin ta waɗancan, amma in ƙwallon ta taɓa ƙasa sai ta karkace ta bi wata hanya daban da wadda ido ya zata. Duk wanda ya taɓa murza katantanwa a kan rairayi yana yaro ya san asalin abin: yatsu ne ke ba ta juyi, kuma juyin ne ke sa ta tafi inda ta tafi. Ƙasa busasshiya mai tsagewa ta fi taimakon mai murzawa, domin ɗinkin ƙwallon yana samun abin kamawa. Shi ya sa ƙasashen rana irin su Indiya da Pakistan da Siri Lanka suka yi ta haifar da gwanayen wannan fanni. Muttiah Muralitharan na Siri Lanka ya kayar da mutum 800 a wasannin kwana biyar, Shane Warne na Ostireliya kuma 708.

Mafi wuya a cikin murzawa ita ce ta wuyan hannu. Mai jifa na hannun dama yakan juya wuyan hannunsa, yatsansa na kusa da ƙarami ya fizgi ɗinkin, ƙwallon ta sauka ta kauce wa mai duka ta yi waje. Sai kuma wata jifar ta yaudara da ake kira gugli, wadda wani Bature ɗan Ingila, Bernard Bosanquet, ya fito da ita wajen shekarar 1900. A ido kamar waccan ce, amma in ta sauka sai ta shigo cikin jikin mai duka ta nufi turaku. Ƙwararren mai duka yana gane ta tun daga hannu, domin bayan hannun mai jifa kan juyo ya fuskance shi. A nan ne Rashid Khan ya bambanta da waɗanda suka riga shi. Shi ya fi dogara da kan yatsunsa a kan wuyan hannu, hannunsa yana juyawa da sauri sosai, kuma ƙwallonsa takan wuce kilomita 90 a awa, abin da ya ɗara na yawancin masu murzawa. Jifarsa ta waje da gugli sun kusa zama kamanni ɗaya. Mai duka bai gane ta a hannu ba, kuma bai sami lokacin jiran ta sauka ya ga inda za ta nufa ba. Kafin ya yanke shawara an ji ƙarar turaku.

To daga ina ya samo wannan?

An haife shi ranar 20 ga Satumba 1998 a lardin Nangarhar, gabashin Afganistan, a gida mai ƴaƴa 11. Yaƙi ya kori iyayensa zuwa Pakistan, suka yi shekaru a can kafin su koma. Wannan hanya ita ce hanyar da wasan kansa ya bi ya shiga Afganistan. Bayan sojojin Tarayyar Sobiyet sun mamaye ƙasar a 1979, miliyoyin mutane sun tsallaka iyaka suka zauna a sansanonin kewayen birnin Peshawar, irin su Kacha Garhi. A can yaransu suka ga ƴan Pakistan suna kurket, suka koya. Ba su da kuɗin ƙwallon fata, sai su nemi ƙwallon tanis su naɗe ta da salatif ɗin masu gyaran lantarki, su sami guntun katako su fafe shi, su jera duwatsu ko bulo a matsayin turaku. Rashid ya tashi yana wasa da yayyensa a cikin gida da lungu, yana kwaikwayon Shahid Afridi na Pakistan, wanda shi ma mai murzawa ne da sauri. Da farko ma duka ya fi ba wa ƙarfi. Amma a gidan da yayye suka yi yawa ƙarami ba ya samun katako sai ya kayar da na gaba da shi, kuma ƙwallon tanis in an sako ta a hankali kowa zai make ta. Dole ta sa ya nemi hanyar da zai murza kuma ya yi sauri a lokaci guda. Mai shirin nan yana ganin rashin babban mai koyarwa tun da wuri ya zama masa alheri, domin da wani ya same shi yana ɗan shekara goma, da wataƙila ya ce masa ba haka littafi ya ce a riƙe ƙwallo ba, ya gyara shi ya mayar da shi irin kowa.

Yana ƙaramin yaro, na gaba da shi suna can suna share masa hanya. An kafa hukumar kurket ta Afganistan a 1995, hukumar duniya ta karɓe ta a 2001. A 2008 ƙungiyar ƙasar tana rukuni na biyar, can ƙasan tsani, ta je tsibirin Jersey ta ci gasar. Ta yi ta hawa rukuni bayan rukuni, a 2010 ta shiga gasar duniya ta gajeren wasa, a 2015 kuma ta je babbar gasar duniya ta doke Sikotilan. A watan Oktoba na wannan shekara aka kira Rashid, yana ɗan shekara 17, ya yi wasansa na farko da Zimbabuwe ranar 18 ga wata.

Shekarar 2017 ce ta fito da shi fili. A watan Fabrairu, a gwanjon ƴan wasa na gasar IPL ta Indiya, gasar da ta fi kowace kuɗi a duniyar kurket, ƙungiyar Sunrisers Hyderabad ta saye shi a kan rupi miliyan 40, abin da ya haura sefa miliyan 300 a lissafin wancan lokaci. Shi da Mohammad Nabi su ne ƴan Afganistan na farko da suka shiga gasar. A watan Maris ya kayar da ƴan Ailan biyar, maki uku kacal suka samu a hannunsa. A watan Yuni, a tsibirin Sen Lusiya, ya kayar da mutum bakwai na ƙungiyar tsibiran Karebiyan a kan maki 18. Kafin watan ya ƙare hukumar duniya ta ɗaga Afganistan zuwa sahun manyan ƙasashe masu ikon yin wasan kwana biyar. A farkon 2018 ya hau kan jerin masu jifa na duniya a wasan wuni ɗaya yana ɗan shekara 19, ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa a wurin ba, kuma ya cika mutum 100 da ya kayar cikin wasa 44 kawai.

A nan ya kamata masu sauraro su tsaya su yi tunani, domin abin da ya shafe mu yana nan. Baiwar Rashid a tsakar gida aka ƙera ta, amma tsani ne ya fito da ita: gasar unguwa, ta lardi, ƙungiyar matasa ta ƙasa, sannan babbar ƙungiya. Mutanen Nijar sun san amfanin irin wannan tsani, domin suna da shi a kokawa. Yaro yakan fara a dandalin ƙauyensu bayan an gama girbi, ya fito a matakin gunduma, a zaɓe shi cikin ƴan jiha, har ya kai ga neman Takobi, gasar da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa. Saboda tsanin yana nan, ɗan kokawar da Allah ya ba ƙarfi da dabara a ƙauyen Mayahi yana da hanyar da za a ji sunansa a Yamai. Yaron da baiwarsa ke cikin gudu, ko saitin jifa, ko ƙwallon hannu, sau da yawa ba shi da wannan hanya. Yakan yi abin mamaki a filin makaranta, a tafa masa, shi ke nan. Kuma tun 2019 jihar Maraɗi tana karɓar ƴan'uwa da rikicin ƴan bindiga ya koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, an zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makaho da Cadakori. Yaran da ke wasa a waɗannan garuruwa halinsu bai yi nisa da na yaran Peshawar na wancan zamani ba.

Kurket ma ba baƙo ba ne a Afirka kamar yadda ake zato. A Ruwanda, ƴan ƙasar da suka dawo daga gudun hijira a Yuganda da Kenya bayan kisan ƙare dangi na 1994 su ne suka zo da shi, har aka buɗe filin Gahanga kusa da Kigali a 2017. A maƙwabciyarmu Najeriya, samari ƴan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, ƴan mata kuma sun doke Niyu Zilan da maki biyu a gasar duniya ta ƴan ƙasa da 19 a Maleshiya, a Janairun 2025.

Mu koma ga Rashid, domin ba kullum ake kwana a gado ba.

A watan Mayun 2018, cikin azumi, bam ya tashi a wajen wasan kurket na dare a Jalalabad, babban birnin lardinsu, ya kashe mutum takwas. Kwanaki kaɗan bayan haka Rashid ya kai ƙungiyarsa wasan ƙarshe na IPL kusan shi kaɗai, da duka da jifa, ya sadaukar da kyautar gwarzon wasan ga waɗanda suka rasu. A watan Yuni Afganistan ta yi wasanta na farko na kwana biyar da Indiya a Bangalor, aka gama da ita cikin kwana biyu, shi kuma aka ci maki 154 a hannunsa. A ƙarshen shekarar mahaifinsa ya rasu yana Ostireliya yana yi wa ƙungiyar Adelaide Strikers wasa. Mahaifiyarsa ta bi baya a Yunin 2020.

Ranar da ta fi kowace zafi a fili ita ce 18 ga Yuni 2019, a birnin Mancesta, a gasar duniya. Ingila ta yi nazarinsa sosai. Kyaftin ɗinsu Eoin Morgan, mai dukan hagu, ya daina ƙoƙarin gane ina ƙwallon za ta karkata, ya riƙa tarar ta da ƙarfi yana aika ta cikin ƴan kallo. Sau 17 ya tsallakar da ƙwallo iyaka a wannan wasa. Rashid ya yi zubi tara, aka ci maki 110 a hannunsa, bai kayar da ko mutum ɗaya ba. Afganistan ta yi wasa tara a gasar ta faɗi duka tara, ga kuma rigimar shugabanci, domin ana dab da tafiya hukumarsu ta sauke kyaftin Asghar Afghan, abin da Rashid da Nabi suka fito fili suka ce ba daidai ba ne. Masu sharhi da yawa suka ce an gano lagonsa, daga yau ya zama kamar kowa.

Wannan ita ce jarabawar kowane mai murzawa. Ɗan ƙarfi in an dake shi yana iya ƙara gudu ya huce haushinsa. Mai murzawa ba shi da wannan mafita. Dole ya sake sako ƙwallon a daidai wurin da aka make ta ɗazu, da zuciyar da ba ta rawa, domin da zarar tsoro ya shiga yatsu juyin ya ragu, kuma ƙwallon da ba ta juyawa abincin mai duka ce.

Wata uku bai cika ba aka ba shi shugabancin ƙungiya a wasan kwana biyar da Bangaladash a birnin Citagon, yana ɗan shekara 20, mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe wannan muƙami. Ya ci maki 51 da katako, ya kayar da mutum biyar a zagayen farko, shida a na biyu. A rana ta ƙarshe ruwan sama ya cinye kusan dukan wunin, ya rage ɗan lokaci kaɗan da mutum huɗu da ba a kayar ba. Uku daga cikinsu a hannunsa suka faɗi. Afganistan ta ci da ratar maki 224. A ƙarshen 2020 hukumar duniya ta zaɓe shi gwarzon gajeren wasa na shekara goma.

Jiki kuwa yana biyan kuɗin wannan duka. A Maris 2021, a Abu Dabi, ya yi jifa 596 a wasa ɗaya da Zimbabuwe. Ga gasannin kuɗi a Indiya da Ostireliya da Pakistan da Ingila da Afirka ta Kudu, daga wannan jirgi zuwa wancan, shekara ba hutu. A ƙarshen 2023 sai da aka yi masa aiki a baya, ya yi watanni bai taɓa ƙwallo ba. Masu horar da yara, ko a kokawa ko a ƙwallon ƙafa, ya kamata su riƙe wannan: yaron da ya fi kowa iyawa shi aka fi ɗora wa kaya, kuma shi ne bayansa ke fara ciwo.

Kafin aikin nan ya rama abin da aka yi masa a Mancesta. Ranar 15 ga Oktoba 2023, a Delhi, Afganistan ta haɗu da Ingila mai riƙe da kofin duniya. Mako guda kafin nan girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum 1,000 a lardin Herat, kuma Rashid ya riga ya ba da dukan kuɗin wasanninsa na gasar ga waɗanda abin ya shafa. Afganistan ta ci maki 284, Ingila ta ƙare a 215. Mutum takwas daga cikin goma masu murzawa ne suka kayar da su: Mujeeb Ur Rahman uku, Nabi biyu, Rashid uku, kuma shi ya bugi turakun na ƙarshe. Bayan kwana takwas suka doke Pakistan, ƙasar da suka koyi wasan a cikinta. A Yunin 2024, yana kyaftin, suka doke Niyu Zilan da Ostireliya da Bangaladash a gasar duniya ta gajeren wasa, suka kai wasan kusa da na ƙarshe karo na farko a tarihinsu. Afirka ta Kudu ta tsayar da su a can, maki 56 kawai suka iya ci, amma jama'a sun cika titunan Kabul da Jalalabad da Khost suna murna tun ranar Bangaladash.

Akwai gefen labarin da ba shi da daɗi, kuma gaskiya ta hana a tsallake shi. Tun da Taliban ta koma mulki a Agustan 2021 aka hana mata wasanni, yawancin ƴan ƙungiyar mata ta ƙasa suka gudu Ostireliya, kuma hukumar kurket ta Ostireliya ta fasa karawa da maza na Afganistan fiye da sau ɗaya saboda haka. Rashid ya nuna ɓacin ransa game da fasawar, yana ganin ƴan wasa ne ake hukuntawa a kan abin da ba su suka yi ba. Amma a Disambar 2024, da aka rufe wa mata makarantun koyon aikin jinya da ungozoma, ya fito ya roƙi hukumomi su sake tunani, yana kafa hujja da matsayin ilimi a Musulunci ga namiji da mace, da kuma ƙarancin mata ma'aikatan lafiya a ƙasar. Duk magidancin da ya taɓa ɗaukar matarsa a amalanke cikin dare yana neman ungozoma ya san nauyin wannan magana, kuma faɗinta a fili ga mutumin da danginsa ke cikin ƙasar ba ƙaramin abu ba ne.

Har yanzu ƙungiyar Afganistan ba ta karɓar manyan ƙasashe a gida. Wasanninta na gida a Sharja da Abu Dabi da wasu biranen Indiya take yin su. Duk da haka a Fabrairun 2025 Rashid ya wuce Dwayne Bravo, wanda ya kayar da mutum 631, ya zama na ɗaya a tarihin gajeren wasa. A bayansa kuma ga Noor Ahmad, mai murzawa da hannun hagu, ga Qais Ahmad, ga Allah Ghazanfar, dukansu ƙungiyoyin ƙasashen waje suna zawarcinsu, kuma yawancinsu sun girma ne suna kallon hannun Rashid a talabijin da wayar salula suna ƙoƙarin gano yadda yake sakin gugli.